Dutsen Taimamar Inna Delu

Tun da ciwo ya kwantar da surukata Inna Delu, ruwa kuma ya zama yana tayar mata da shi, da dutse ɗaya take taimama. Fari-fari ne, marigayi mijinta ya tsinto shi a wani ramin fasa duwatsu. A fuskarsa akwai zane kamar saiwar gero.

Ran nan 'yata Ilham ta zo Gwandu daga Kalgo, inda take karatun duwatsu a jami'a. Yarinyar nan bakinta ba linzami. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ɗauki dutsen, ta zaro ido.

"Kaka, wagga ba saiwa ba ta, dabba ta!"

Na harare ta, amma ina! Ta ci gaba da zuba: wai wata halitta ce mai dogon wuya da kai kamar fure, zanen nan kuwa yatsunta ne, da su take damƙe ƙasa don kada igiyar ruwa ta tafi da ita, har ta mutu ta zama dutse.

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Mushe? Duk shekarun ga bisa mushe nike taimama? Sallolina hwa?"

Tsohuwar da ko juyawa sai an juya ta, yaushe za ta rama sallar shekaru? Sai yanzu Ilham ta gane ɓarnar da ta yi. Na so in make ta.

Inna ta daɗe tana hawaye. Can ta ɗago.

"Igiyar ruwa kic ce? Ta ruwa ta ko ta tudu?"

"Ta teku, Kaka. A da can har ƙasag ga teku ya rufe."

"Teku? Nan Gwandu?" Ta riƙe baki. Sannan ta sauke numfashi. "To, Malam babana ya karantar da mu, mushen ruwa ba najasa ba na."

Ta shafa zanen da yatsa. "Kuma ba ta tashi?"

"Inda ta kama, nan take har mutuwa. Abinci ma sai wanda ruwa ya kawo mata."

Inna ta dubi kwanon kunun da na ajiye a gefen gadonta, ta dubi ƙafafunta.

"Ashe 'yar'uwata ta," ta ce. "Aje min ita kusa, la'asar na wucewa."