Kwalbar Bayan Madubi

Shekara uku ke nan ma'aikaciyar jinyar tana ɓoye kwalbar rinin gashi a bayan madubin banɗaki. Duk ranar hutunta, da zarar mijinta ya fita da motarsa ta haya, sai ta ɗauko tsohon buroshin haƙori ta bi furfurarta sili-sili. Abin da ke ƙona mata rai, ya girme ta da shekara bakwai amma ko farin gashi ɗaya babu a kansa. Ga kwalbar kuma sai ƙarewa take kamar ana shanye ta.

Ran nan ta manta katin aikinta, ta dawo gida a guje. Tana tura ƙofar banɗaki sai ga maigida ya turo leɓe gaban madubi, buroshinta a hannunsa, gashin bakinsa rabi baƙi wuluk, rabi fari fat.

"Baban yara! Ashe kai ne ɓeran?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "To ya zan yi? Na ga kin ƙi tsufa. Ni kaɗai zan tsufa a gidan nan?"

"Ni fa saboda kai nake wannan wahalar!"

Ta yi dariya har da hawaye, ta fizge buroshin ta jefa a kwandon shara.

Ya marairaice. "Haba, ki bari in ƙarasa ɗaya gefen mana."

"Ba za ka ƙarasa ba," in ji ta, tana shafa farin gefen. "Wannan ne mijina. Wancan baƙin ban san shi ba."