Agwagi a Sanƙon Duane

Bayan jikokinta, babu abin da Marlys Haugen take so a duniya kamar 'yan hatimanta na roba. Ƙanana ne, wani ma bai kai farcen babban yatsa ba: ga mai ganye, ga mai tauraro, ga mai agwagwa. Katin gaisuwa ne, takardar naɗe kyauta ce, tukunyar fure ce, duk abin da ya zauna wuri ɗaya a gidan nan sai ta danna masa hatimi. Mijinta Duane kuwa, tun da ya bar noma, ya fi kowa iya zama wuri ɗaya.

Da bikin auren jikarsu Tessa ya matso, Marlys ta ce kowane baƙo zai tafi da ƙwallon gilashi, irin wanda ake ratayawa a bishiyar Kirsimeti, da agwagi jere a jikinsa. To, abu mai zagaye ba a danna masa hatimi kai tsaye, mirgina shi ake yi a hankali, in ba haka ba ya zame. Sai da gwaji. A duk gidan kuma babu abin da ya kai sanƙon Duane santsi da zagaye. Ba yau aka fara ba. Sharaɗinsa ɗaya ne tal: tawadar ta zama mai fita da ruwa.

Ana gobe biki da rana, saura ƙwallon amarya kaɗai, ta same shi gaban talabijin.

"Sunkuyo, tsoho."

"Kin mai da kaina allo, Marlys."

"Kan da ya ƙi fid da gashi ai gara ya yi wani amfanin. Kada ka motsa."

Ta jera su daga kunne zuwa kunne, uwa a gaba, 'ya'ya a baya. Sun fita tsaf, har sai da ta ja da baya ta yaba wa kanta. Sannan ta jiƙa tsumma ta goga. Agwagi suna nan. Ta ƙara gogawa. Ko gezau.

Ta ɗauki akwatin tawadar. Duk mai wannan sana'a a kife take ajiye 'yan akwatunan tawadarta, don tawadar ta taru a sama kada ta bushe, kuma a kife duk kamarsu ɗaya. Ta juya wanda ke hannunta. Tawadar gilashi ce, wadda ba ta san ruwa ba.

"Duane," ta ce a hankali, "kana son kek ɗin tuffa?"

"Me kika yi?"

Aka sa sabulu, aka sa man girki, aka sa lemun tsami da man goge baki. Sanƙo ya yi ja wur, agwagi suka ƙara fitowa kamar suna iyo a miyar tumatir. Ƙawarta Verna, shugabar ƙungiyarsu ta masu hatimi, ta rugo da ruwan wanke tawada, amma ɗigo ɗaya ya taɓa fatar da ta riga ta sha gurza, Duane ya zabura har ya ture kujera.

"Da irin wannan nake wanke injin tarakta! Ku rabu da ni. Kuma ku sani, ba ni shiga coci a haka."

Namiji ba ya shiga coci da hula, kuma tun da mahaifin Tessa ya rasu, Duane ne zai riƙe hannunta ya kai ta gaban fasto.

Washegari ya tsaya a ƙofar coci, ya ja hula har gira, ya kafe. Mai molo na ciki ya gama waƙa ya sake ɗaukowa. Sai ga Tessa cikin farar riga.

"Kaka, me ake jira?"

Marlys ta nuna hular da baki. Tessa ta ɗaga ta, ta leƙa, ta tuntsure da dariya har kwallinta ya fara zuba.

"Wayyo cikina! Ai agwagwata ce! Ita Kaka Marlys take buga mini a hannu ina yarinya, in na ƙi zuwa makaranta." Ta miƙa wa Marlys wuyan hannu. "Na san tana cikin jakarki."

Tana ciki kuwa, ina za ta? Marlys ta mirgina mata guda ɗaya, ƙarama.

"To, mun zama garke ɗaya," in ji Tessa. "Miƙo hular, tsoho, ango na jira."

Ya miƙa. Suka shiga, shi fuska a murtuke, agwagi suna sheƙi ƙarƙashin fitilu, dariya tana bin su layi layi. Verna ta raɗa wa Marlys, "Ta ukun ta ɗan zame, kin cika dannawa."

"Shi ne ya yi atishawa."

Wajen cin abinci matan ƙungiya suka kewaye Duane, kowace da hatimin da take son gwadawa a abu mai zagaye. Ya tauna kek ɗinsa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar Talata, bayan na yi barcin rana," ya ce. "Amma ni zan riƙa juya akwatin tawada da hannuna."