Kyanwar da ke Ƙirjin Baba

Su uku ne a gidan, a ɗakuna biyu da ke bayan shagon gyaran kujeru: Baba mai shagon, Mama da ke koyarwa a makarantar unguwa, da 'yarsu ɗaya tilo wadda ba ta kai shekara goma ba. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da gidan ya rasa shi ne kwanciyar hankali a kan numfashin Baba, domin da asma ya tashi tun yana yaro, ga shi kuma sana'arsa ta ƙura ce: tsohon soso, auduga, da yadin kujerun da aka shekara ana zama a kansu.

Don haka suke da abin da suka saba kowace safiya. Kafin Baba ya buɗe shago sai ya zauna a bakin gado ya ɗaga riga, yarinyar ta manna kunnenta a bayansa. In ta ji siririn kukan nan da suke kira kyanwa, sai ta ce, "Ta farka." Baba ya shaƙi maganinsa, ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya bar farke tsofaffin kujeru sai wata rana. In ba ta ji komai ba ta ce, "Tana barci," ya fita yana fito. Daga nan ta samo sunan da kowa ke kiran ta da shi, Kunne.

An yi watanni Baba na dafe ƙeya yana cewa kansa na sara, wani lokaci jiri ya ɗebe shi in ya miƙe. Mama ta ce warin gam ne, shi ya ce ƙura ce. A gidan nan kowane ciwo kyanwa ake ɗora wa, in kuwa tana barci to lafiya lau ke nan. Ranar da abin ya faru ma Kunne ta saurara da kyau, ta ji shiru.

"Tana barci," ta ce.

"Kin ji ko?" Baba ya ce wa Mama. "Likitata ta sallame ni."

Da ta taso daga makaranta ta tarar da shagon a buɗe ba kowa, guduma a ƙasa, ƙananan ƙusoshi sun watse. Maƙwabcinsu mai walda ya ce mata Baba ya yanke jiki ya faɗi, an kai shi asibiti, jininsa ne ya hau sosai. Ya farfaɗo, amma an riƙe shi.

Ba a barin yara su shiga ɗakin da aka kwantar da shi. Mama ta koma can jinya, Goggo, yayar Baba, ta zo ta zauna da Kunne. Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum da safe Kunne takan tsaya a bakin gadon ta rasa abin yi da kanta. Ta tsince ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ta zuba a gwangwaninsu. Takan zauna a kujerar da Baba ya bari ba a gama ba, rabi sabon yadi, rabi soso a waje, ta kwantar da kunnenta a jikin kujerar. Har kukan kyanwar da ta tsana take marmarin ji. Abinci kuwa sai ta tsakura ta ture.

"Ke Kunne, in kika rame iska ta ɗauke ki, me zan ce wa ƙanena?" Goggo ta ce. "Dama ke kunnuwa ne kawai da ƙafafu."

Kunne ba ta yi dariya ba. Can ta ce, "Goggo, ni na ce masa tana barci. Da na ji da kyau, da bai fita ba."

Goggo ta ajiye cokali ta daɗe tana duban ta. "Tashi ki sa takalmi," ta ce.

A asibiti Goggo ta tare wata nas mai furfura ta faɗa mata komai, har da kyanwar. Nas ta ce doka ta hana yaro shiga, amma ba ta hana majiyyaci shan iska a baranda ba. Jim kaɗan Mama ta fito riƙe da hannun Baba. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya zauna a benci, ya juya wa Kunne baya ya ɗaga riga. Kunne ta manna kunnenta. Ɗumin bayan yana nan yadda ta san shi, kuma shiru ne, irin shirun ranar nan.

"Kin ji daidai, 'yata, ranar ma daidai kika ji," nas ta ce. Ta naɗa wa Baba abin awon jini a dantse, ta sa wa Kunne abin saurare a kunnuwa, ta ɗora bakinsa a lanƙwasar hannunsa, ta matsa iska sannan ta sake ta a hankali. Kunne ta ji bugu, dum, dum, dum, sai ya ɓace.

Nas ta ce, "Wannan ciwon ba ya kuka, sai an matse shi yake magana. Mukan ga masu asma da yawa da hawan jini. Masana na nan suna binciken abin da ya haɗa su, ba a gama ganewa ba. Amma mai ɗaya ya riƙa auna ɗayan."

"Ashe kyanwata na da maƙwabci bebe," Baba ya ce. "Shekara da shekaru ko sallama bai taɓa yi mini ba."

"Halinku ɗaya," Goggo ta ce. "Kai ma sai an matse ka kake faɗin abin da ke damun ka."

Ba a sallami Baba ranar ba, an ce sai jinin ya ƙara sauka. Kunne ta bi Goggo gida tana waiwayen barandar har suka sha kwana. Da suka isa ta ci abincinta duka, ta share shagon, ta rataye gudumar a mazauninta don ya same ta in ya dawo. Ta gane cewa kunnenta bai yi mata ƙarya ba, akwai dai ciwon da ba ya kuka, kuma shirun ƙirji ba shi kaɗai ne lafiya ba.