Motar Baba Gunu

Tun ina aiki a garejin maigidana a Paraku na san motar Baba Gunu. Malamin asibiti ne mai ritaya, mutum mai ƙa'ida. Duk farkon wata zai kawo ta, in duba baƙin mai da ruwan lagireto da iskar taya da birki, shi kuma yana tsaye a kaina kamar ana yi wa ɗansa allura.

"Shabi, goge hannunka kafin ka taɓa mini sitiyari," abin da yake fara faɗa ke nan.

"Baba, wannan tsohuwar ai ta saba da dauɗa."

"Tsohuwar ta fi ka lafiya."

Babu wanda ya taɓa tuƙa ta sai shi, har da Woru, babban ɗansa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Bayan an sallamo shi, matarsa Mama Bake ta same ni a gareji.

"Ya ce wata ya kama, ka zo ka duba masa mota."

Na je. Motar tana ƙarƙashin mangwaro, shi kuma an fito da shi baranda a kan kujera, baki a karkace, hannun dama a kwance bisa cinya. Na duba komai yana kallo. Da lokacin juye ya yi, na zubar da man da bai taka ko'ina ba, na zuba sabo, don ya ce a yi. Da na gama Mama Bake ta kawo mini sakwara da miyar cuku, na rage murya na ce mata, "Mama, mota ba ta son zama. Zaman nan shi zai kashe ta."

"Shi ma ba ya son zaman," ta ce.

Na roƙe shi ya bar ni in riƙa zagaya unguwa da ita ko a mako-mako ne. Ya girgiza kai. A tayar da ita dai a inda take, in ji shi, zai tuƙa abarsa idan ƙafa ta saki.

Ƙafa ba ta saki ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ɓeraye suka ci wayoyi, na ɗaura. Birki ya kama. Tayoyi suka tsattsage a tsaye. Tiyon lagireto ya ruɓe, na aika har Kwatano ba a samu irinsa ba, sai na yanko na wata motar na lanƙwasa. Duk abin da na gyara, kafin in dawo wani ya lalace.

Wata safiya motar ta ƙi tashi. Na sa batirina, na wanke fulogi, na buɗe kafireta, shiru. Ruwa ya shiga inji, tsatsa ta riƙe shi gam. Har azahar ina fama, ko motsi bai yi ba.

Baba Gunu ya yafito ni da hannun hagu. Da ƙyar na gane abin da yake faɗa.

"Ɗauke ta. Ka zagaya da ita."

"Baba, ba za ta tashi ba."

"Na yarda maka. Ka tuƙa."

Na shiga tattara sifanonina.

Da Woru ya zo daga Kwatano ganin gida, ya leƙa cikin motar ya ga kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Bai yi shawara da kowa ba, ya kira masu sayen tsohon ƙarfe. Da yake tayoyin ba sa juyawa, a nan tsakar gida suka sassare ta. Mama Bake ta mayar da mijinta ɗaki, ta rufe taga, ta ƙure rediyo. Amma guduma ta fi rediyo ƙarfi.

Yana nan da rai har yanzu. Nakan je gaishe shi ranar Juma'a, in zauna a bakin gado in ba shi labarin gari. Ba ya amsawa. Mama Bake ta ce kada in damu, ita ma ba ya yi mata magana, sai in yana son ruwa.