Ƙafar Siddiƙu Baduku

Siddiƙu baduku ne a Ƙofar Atiku, yana ɗinka jakunkuna da takalma na jar fata. Shekara tara yana da gyambo a ƙwaurinsa na hagu, har ya saba da shi. Da damina ta faɗi sai bakin gyambon ya tashi ya yi tauri, yana jini ko ba a taɓa shi ba. Wanzami ya yi masa ƙaho, ya sha sassaƙe, ba sauƙi. Ranar wata Litinin ya je asibitin da Turawa suka buɗe.

Likita Bature ya daɗe yana duba ƙafar, ya laluba har cinya, sannan ya yi magana da tafintansa Muntari, ɗan unguwar su Siddiƙu.

"Mi yac ce?" in ji Siddiƙu.

"Baba, ya ce gyambon ya zama ciwon daji, amma bai hau sama ba tukuna. In an yanke ƙafar ƙasa da gwiwa ran Alhamis, yana sa ran ka tsira. In an bari, ba ya jin za ka kai baɗi."

Siddiƙu bai gaya wa kowa ba. Ya koma rumfarsa ya ɗauki basilla, ya huda fata inda bai kamata ba har sau uku. Jim kaɗan sai ya kai hannu ya taɓa cinyarsa, ko abin ya iso. Tuwon da matarsa Sadiyatu ta kawo ya koma yadda ya zo.

Da safe ta tsare shi a bakin ɗaki. Da ya faɗa mata, ta zauna a kan turmi.

"Malam, wanne kake tsoro, ciwon ko wuƙar?"

"Barcin. An ce ƙyalle suke sa ma mutum a hanci, ya tafi bai sani ba. In mutuwa ta iske ni can, ko shahada ban yi ba."

Ta ce akwai ɗan ƙanen mahaifinta a Wamakko, Maigandi, wanda likitan nan ya yanke wa hannu bara bayan raƙumi ya cije shi. Gara ya ji daga bakinsa, ya daina sauraron 'yan kasuwa.

Ranar Laraba ya hau jaki ya tafi. Ya tarar da Maigandi a gonar gero yana cire ciyawa da hannu ɗaya.

"Ba ni ɓoye maka," in ji Maigandi. "Na ji tsoro har na jiƙa wandona. Ƙyallen na da wari mai hawa kai, ba ka kai ƙirga goma. Tashin ne da wuya, ga amai ga zafi, kwana huɗu ina roƙon in mutu. Ran na biyar na nemi hura."

"To shahadar fa?"

"Ka ce su jira ka. Ni a lokacin ban san ana iya roƙo ba."

Ran Alhamis, da suka kai ƙofar asibitin, Siddiƙu ya ƙi shiga. Ya zauna a ƙasa, gumi na zuba, ya ce wa Sadiyatu su koma gida. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma tashi ba. Ta ce ya ja numfashi tukuna, ta ba shi ruwa. Suna nan zaune har Muntari ya fito nemansa.

A kan gadon, da ya ga ƙyallen, ya riƙe hannun Muntari.

"Hwaɗa mashi ya jira ni."

Likitan ya saurara, ya ja baya. Siddiƙu ya yi kalmar shahada da ƙarfi, ya sake, sannan ya saki hannun.

Ya farka bayan azahar yana amai, an riga an yanke ƙafar. Likitan bai yi masa alkawarin komai ba, ya dai ce ya riƙa zuwa duk wata a duba cinyar. Ranar jajiberin kowane zuwa Siddiƙu ba ya iya aiki, sai ya fita ya zauna cikin mutane har magariba. Sandar dogarawa da masassaƙi ya yi masa ta yi tsawo, ya mayar aka rage ta.