Gahawar Sajida a Balad

Sajida ba ta taɓa ganin Nijar, ƙasar iyayenta, ba. A Karantina, wata unguwa a ƙasar Hijaz, aka haife ta, kuma tun da aka rushe unguwar take raɓe da Inna Hadjara, yayar mahaifiyarta, a ɗaki ɗaya a unguwar Mahjar. Iƙama, takardar izinin zama, babu; fasfo babu. Abin da take da shi Larabci ne tsaf, wanda ko ubangidanta Turki bai fi ta ba.

Shi Turkin ne ya ɗauke ta aikin zuba wa 'yan yawon buɗe ido gahawa a wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar cikin gari. Ya sa mata kayan matan Hijaz na dā, yana nuna ta yana cewa ga 'yar gari ta asali. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da ya ji Hausa a bakinta, halas, aiki ya ƙare. Mutumin da kakarsa ma ba a san daga ina jirgi ya sauke ta ba!

Wata ranar Talata baƙi suka zo, cikinsu har da wata baƙar mace. Rabi'u tafinta ya ce a ƙasar matar Sifaniyanci ake yi, amma su mutanen bakin teku gurɓataccen Turanci suka gada.

"Ta ce hotonsu ake maƙalawa a tallan yawon buɗe ido, amma a babban birni sai a tambaye ta daga wace ƙasa ta zo," in ji Rabi'u. "Tana tambaya, ke 'yar nan ce?"

Sajida ba ta kai ga amsawa ba sai ga Inna Hadjara a bakin ƙofa da farantin gyaɗarta.

"A'a, Sajida! Ashe nan ne wurin aikin?"

Gwiwoyin Sajida suka fara lanƙwashewa da kansu, don ba ta taɓa gaishe ta a tsaye ba. Turki na kallo. Ta daure ta miƙe, ta faɗi abin da ake sallamar mabarata da shi.

"Allah ya'ɗiki, ya hajja."

Tsohuwar ta dubi kayan jikinta, ta dubi Turki. Sai ta gyara farantin, ta haɗa ɗan Larabcin da ta iya ta nemi gafara.

"Samhini, ya binti. Na ɗauka wata ce."

Ta wuce tana ɗingishi. Kunya da baƙin ciki suka rufe Sajida. Baƙuwar tana jiran amsa, finjali a hannu.

"Ce mata eh," in ji Sajida da Larabci.