Ranar da Abarci Ya Kai Gwiwa Ƙasa

Ɗan kokawa na aura, ban auri waliyyi ba, kuma haka na faɗa wa Fasto Na'Allah ranar da ya zo gidanmu da maganar naɗi. Mu talatin da 'yan kai ne masu bi a Dakoro, majami'armu ɗan ɗakin laka ne mai rufin kara. Wai duk cikinmu an rasa wanda za a yi wa dattijon ikilisiya sai maigidana Abarci, wanda ya yi kaka tara a fage ba a taɓa kada shi ba, wanda kuma kowa ya san zuciyarsa a kusa take.

Zuciyar nan ce ta fitar da shi daga fage. Ya kada wani mutumin Korahane, wasa ya ƙare, mutumin ya gaya masa baƙar magana, shi kuwa ya murɗe masa hannu har ya karye. Har yau hannun ba ya riƙe hauya.

Saboda haka Baba Rabo, tsohon dattijonmu, ya kafa sharaɗi. "Mai riƙon jama'a sai shi fara riƙe kainai," in ji shi. "Shekara guda, ba fage, ba kirari, ba ɗaga ma kowa hannu. In ya ɓata ko sau guda, babu naɗi."

Ni na san wuyar shekarar nan. Da an buga ganga a gari sai mutumin nan ya ɗauki gatari ya nufi daji, ya dawo da itacen da ya ishi gida uku. Baba Rabo kuwa ya sa mana ido kamar mun ci masa bashin gado. Ran nan har gida ya zo, wai an ji Abarci yana yi wa jaki tsawa a bakin rijiya. Na ce to madalla, jakinmu ma ya samu mai tsaya masa. Abarci ya haɗiye, ya ce ya gode da gargaɗi. Ni ce dai na rasa inda zan sa kaina don haushi.

Lahadin naɗin ta faɗo a tsakiyar kaka. An gama waƙa, Fasto ya kira Abarci gaba, sai muka ji ganga a ƙofar majami'a. Ba kowane kiɗa ba ne, takensa ne, wanda Harisu makaɗi ke buga masa in zai shiga fage. Samba, ƙanen mutumin da aka karya, shi ne ya ɗauko makaɗin, ya zo da walkinsa da layunsa, rabin gari na biye da shi.

"Abarci!" Samba ya ƙwala kira. "Hito in kai namiji na! Ka karya mutum ka gudu ka ɓoye cikin masu waƙa. Ku duka ragwaye na, ku da tsohonku!"

Daga gefen mata nake, ina kallon ƙeyar maigida. Jijiyar wuyansa ta miƙe, kafaɗarsa ta fara bin gangar da kanta. Da na waiga sai na ga ƙafar Baba Rabo ma tana motsi a ƙasa. Tsohon da ya hana mu sakat shekara guda!

Abarci ya juya ya fita. Na ce shi ke nan, an yi wahalar banza. Muka ɗunguma bayansa, har Fasto.

Mutane sun riga sun yi da'ira a kan yashi. Samba bai jira komai ba, ya rungume shi da rigarsa ta naɗi a jikinsa. Na ga hannun Abarci ya zarce ya sami ƙugun yaron, daidai inda yake kamawa in zai ɗaga mutum sama. Na san kamun nan, kowa a wurin ya san shi, har Harisu ya ƙara wa gangar wuta. Sai hannun ya saki. Abarci ya sulale ya kai gwiwoyinsa biyu ƙasa, wanda a fage faɗuwa ke nan.

Ganga ta tsaya.

"Ka kada ni, Samba," ya ce. "Tahi ka hwaɗa ma wanka Abarci ya hwaɗi. Gonatai kuma, in damana ta zo ni ka noma ta."

"Tashi mu yi ta gaskiya!" Samba ya ce, yana huci. Abarci bai motsa ba. Samba ya ɗauke shi da mari, marin da na ji har cikin haƙorana. Bai motsa ba dai. Yaron ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, can ya tofar da yawu ya ratsa mutane ya tafi. 'Yan kallo suka bi maigidana da eho har ƙofar majami'a, masu cewa tsoro ne, masu cewa an yi masa magani.

Mun koma ciki ko zama ba mu gama ba, sai ga muryar Baba Rabo.

"Haba Abarci, ka ba mu kunya gaban gari. Da ka ɗaga shi ka aza ƙasa sau guda tak, in ya so ka tuba daga baya."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Baba, ku yi mani gahwara. Shekara guda kuna aunin mutum har kan jaki, yau ya yi abin da kunka ce, shi na kuma kunya? To ku hwaɗa muna wanne kuka so, dattijo ko ɗan kokowa, don gidana ba shi iya ba ku duka biyu."

Fasto ya ce, "Zamna, Hawwa'u, an ji." Ya kalli Baba Rabo har sai da tsohon ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce Abarci ya durƙusa, ya ɗora masa hannu. Baba Rabo ya taso da sandarsa ya ɗora nasa, kusa da kuncin da ya kumbura.

Da muka isa gida na dama masa fura. Ya zauna da ƙwaryar a gabansa, ko ludayin bai taɓa ba.

"Hawwa'u," ya ce, "na so in karya shi. Har yanzu ina so."

"Na sani," na ce. "Gobe ma za ka so. Sha hurarka, Dattijo."